Asabar, ni da 'yata da fasasshen maganadisu

Yau tun asuba aka ɗauke wuta, ga hazo ya rufe gari ko ƙarshen layinmu ba ka hange, shagon dai na buɗe amma aiki sai wanda hannu zai iya. Akwai wata tsohuwar sifika da koyil ɗinta, wato naɗin wayar da ke cikinta, ya ƙone tun watan jiya, mai ita yace in cire abinda zai min amfani in zubar da saura, to ita na ɗauko ina kwancewa. Garin ɓamɓaro maganadisun da ke bayanta ya suɓuce min ya daki siminti ya rabe biyu. Wannan baƙin maganadisu na sifika dama haka yake kamar tangaran, baya son faɗuwa ko kaɗan.

Daidai lokacin 'yata ta biyu ta shigo da kwanon abinci, wadda ke aji biyu a ƙaramar sakandare. Ta tsugunna ta tsinci ɓarin biyu tana so ta mayar da su yadda suke, abu ya ƙi, tana matso da su suna turewa, da ta saki hannu sai ɗaya ya wuntsila ya kife ya manne da ɗan'uwansa ta baya. Tace Baba ai tare suke yanzun nan, me ya haɗa su faɗa? Wallahi shekara nawa ina taɓa wannan abu a bakin aiki ban taɓa jin wanda ya yi min tambayar haka ba, na ajiye sukundireba nace zauna.

Na nuna mata cewa kowane maganadisu fuska biyu gare shi, ɗaya ana ce mata arewa ɗaya kudu, arewa da kudu suna janyo juna, arewa da arewa kuwa turewa suke. Shi na sifika fuskokinsa a faffaɗan gefensa suke, sama da ƙasa, to da ya fashe kowane ɓari ya zama maganadisu mai zaman kansa da arewarsa da kudunsa, in ka jera su yadda suke da farko arewa ce ke zama kusa da arewa, shi yasa suke ƙi. Tace to a sake fasa shi har a samu mai arewa kaɗai. Nace ko niƙe shi kika yi ya zama tsaki kowane ƙwaya da fuska biyu zai fito.

Muna cikin haka sai ga yaron nan mai jari bola da baronsa, da nasa maganadisun ɗaure a igiya. Nace ya nuna mata yadda yake aiki da shi. Ya ɗora a kan ƙusa ta kama, ya ɗora a murfin tukunyar alminiyam shiru, ya ɗora a jar wayar da na kwance daga wata fanka nan ma shiru, yace mata ƙanwata ai wanda ya ƙi kamawar nan shi ne mai tsada a sikeli. Gaskiya ya faɗa. Mutane na ce masa mayen ƙarfe sai ka ɗauka duk wani ƙarfe yake ja, alhali baƙin ƙarfe ne nasa, sai wasu biyu da ake kira nikel da kobalt, amma zinare da azurfa da jan ƙarfe ko kallonsu baya yi. Hatta cokulan silba na gida wasu suna kamawa wasu basa yi, ya danganta da abinda aka gauraya.

Amma abinda ya tsaya min a rai yau shi ne wanda ya biyo baya. Ta ce an koya musu a makaranta wai maganadisu yana da wata farfajiya kewaye da shi inda ƙarfinsa ke kaiwa, malam ya zana layuka a allo sun kwafa, ita dai bata yarda akwai wasu layuka ba tunda bata gani. Na aike ta wajen mai walda na kusa da mu ta sharo garin ƙarfen da ke zuba ƙarƙashin injin gurza, ta kawo a murfin gwangwani. Na tsayar da ɓari ɗaya a kan gefensa, na tokare da katako biyu, na ɗora farin kwali a sama, nace ta barbaɗa a hankali kamar tana sa gishiri a miya, ni kuma ina ɗan ƙwanƙwasa kwalin da farce. Garin nan sai ya fara motsi da kansa, yana jeruwa, yana lanƙwasa daga fuska ɗaya yana zagayowa zuwa ɗayar kamar an yi zanen lalle, kusa da maganadisun ya yi cunkus har wasu ƙwayoyin sun miƙe tsaye kamar gashi, can nesa kuma ya yi tsilla-tsilla. Ta yi shiru ta daɗe, sannan tace Baba ashe da gaske ne. Ni kaina tsigar jikina sai da ta tashi, muna yara mun sha jan maganadisu a cikin yashi muna tara baƙin garin nan, amma a kan farar takarda a tsanake ban taɓa tsayawa na kalla ba sai yau. Na ce mata ta lura, inda layukan suka cushe nan ƙarfin yake, kuma kwalin da ke tsakani bai tare komai ba.

Bayan la'asar na rufe shago muka taho gida da ɓarin biyu a aljihuna. Ta karɓi allura wajen mamanta, na sa ta goga ta da fuska ɗaya ta maganadisun, daga kunne zuwa tsini, gefe ɗaya kawai ba kai da komo ba, wajen sau arba'in. Ta tambaya me gugar ke yi, nace cikin ƙarfe akwai ƙananan yankuna kowanne maganadisu ne amma kowa inda ya fuskanta daban, guga ita ke daidaita musu sahu, in kuma aka sa ƙarfen a wuta ya kai zafin digiri 770 a ma'aunin Celsius sahun ya watse ƙarfin ya tafi. Muka ɗora allurar a busasshen ganyen darbejiya a cikin kwanon roba da ruwa, ganyen ya juya a hankali ya tsaya, muka karkata shi ya sake komawa inda yake, arewa da kudu. Na buɗe kamfas ɗin wayata da nake duba alƙibla da shi in na yi tafiya, daga ɗan nesa, suka yi daidai. Mamansu da ke tankaɗe ta taso ta leƙa tana salati.

Nan na faɗa mata ita kanta duniyar maganadisu ce, narkakken ƙarfen da ke motsi a can cikinta shi ke haifar da ƙarfin, kuma wani likita a Ingila mai suna William Gilbert ya rubuta haka tun 1600, su kuwa mutanen Sin sun riga kowa sanin allurar da ke nuna kudu da ɗaruruwan shekaru.

Na ƙarshe da muka yi shi ne na sana'ata. Na naɗa jar waya a jikin doguwar ƙusa na haɗa da batirin tocila, ƙusa ta ɗauki fil ɗin ɗinki har biyar, na cire waya suka zube, wayar ma har ta fara ɗumi a hannu. Wani ɗan ƙasar Denmak, Oersted, shi ya fara lura a 1820 cewa wutar lantarki in ta bi waya tana karkatar da allurar kamfas, sai Faraday a 1831 ya gano in ka motsa maganadisu kusa da naɗin waya lantarki na fitowa. Nace mata fankar silin ɗin nan in kika buɗe ba zaki ga maganadisu ko ɗaya ba sai naɗin waya, wuta ce ke mayar da shi maganadisu, kuma janaretan maƙwabta da manyan injinan da ruwa ke juyawa a madatsar Kainji duk hikimar ɗaya ce.

Na ja mata kunne kada ta bar ƙananan gutsuttsuran inda ƙaninta zai kai baki, haɗiyar maganadisu ba ƙaramin haɗari bane ga yaro. Yanzu haka ta zuba garin ƙarfen a kwalbar magani, ta naɗe ɓarin biyu a tsumma daban-daban ta sa a jakar makaranta, tace ranar Litinin zata roƙi malam ya bari ta barbaɗa a gaban aji. Kwalin zan yanka mata babba gobe in Allah ya kaimu.