Gwangwani goma, ni kuma ban karya ba

Kusan duk Asabar da safe muna haɗuwa mu huɗu ko biyar a wani fili can wajen Badawa, mu jera gwangwanayen madara guda goma a kan bulo, mu ja baya taku goma sha biyar mu yi ta harbi da danƙo. Eh danƙon dai da kuka sani, gwafa da roba da ƴar fata. Bindiga kam sai da lasisi kuma ni ba na neman rigima. Ko tsuntsu ba ma taɓawa, gwangwani ne kawai yake shan wuya.

Abin ya faro ne tun gasar Olamfik ta Faris a 2024, lokacin da hoton Baturken nan Yusuf Dikec ya cika Facebook, mutum ɗan shekara 51 hannu ɗaya a aljihu kamar mai jiran a daidaita sahu, amma shi da abokiyar wasansa suka ɗauke azurfa a harbin ƙaramar bindigar iska na mita 10. Muka ce ai mu ma muna da aljihu.

To Asabar ɗin da ta wuce na makara, na fice ko ruwa ban kurɓa ba. Ni da na saba kayar da bakwai cikin goma, ranar biyu na samu, ta biyun ma ina zargin iska ce ta taimaka. Na ce roba ta saki, na ce hazon hunturu ne, na ce yaron da ya tsinto duwatsun bai iya zaɓe ba. Akwai wani dattijo ɗan majami'armu, tsohon soja, bahago ne, kullum sai ya tuna mana da mutum 700 ɗin nan bahagwai na kabilar Biliyaminu a Mahukunta 20:16 cikin Littafi Mai Tsarki, masu jifan silin gashi da majajjawa ba kuskure, wai kakanninsa ne. Ya karɓi danƙon nawa da nake zagi ya kayar da uku a jere.

"Ɗana miƙo hannunka."

Na miƙa, sai ga yatsu suna ɗan rawa.

"Ka karya kuwa?"

"A'a Baba, amma jiya da dare na ci tuwo sosai."

"Tuwon jiya ya gama aikinsa jiya. Je ka wajen mai ƙosai."

Ina zaune kan benci da koko a hannu maganar nan ta ƙi barina, don satin gaba ɗaya haka na yi shi, na yi wa maman yara tsawa kan abin da bai kai ya kawo ba, na kusa faɗa da wani a go-sulo wajen Bata, kuma duk na samo wanda zan ɗora wa, rashin wuta ne, tsadar kaya ce, gajiya ce. Littafi Mai Tsarki nawa kuwa tun da aka tashi sujada ran Lahadi yana cikin jaka ban buɗe ba. Wato na ci tuwon Lahadi ina so ya kai ni wata Lahadin.

Kuma fa labarin manna, abincin da Allah ya yi ta saukar wa Isra'ilawa a jeji, a littafin Fitowa 16 tun muna makarantar Lahadi muka san shi. Kowace safiya a fita a tara na ranar, wanda ya yi wayo ya ɓoye na gobe sai ya tarar ya yi tsutsa yana wari, rana ta shida ce kaɗai aka yarda a ɗebi na kwana biyu saboda Asabar ranar hutu ce. Shekara 40 ana haka! Da ina ganin wahalarwa ce kawai, me zai hana a ba su buhu guda su huta? Yanzu ina ganin da an ba su buhun da sun yi irin nawa. Addu'ar Ubangiji ma, wadda Yesu ya koya wa almajiransa, da muke rattabawa a guje, abincin yini muke roƙo a ciki, ba na sati ba. Ni ban ce wanda ya karanta sura ɗaya da asuba ya zama waliyyi ba, na san masu karatu da bakinsu ya fi nawa zafi, ni dai nawa hannun na ga yana rawa.

Na koma na sake gwadawa, biyar na samu. Na ce Baba ai na ci, ya ce ƙosai ba ya isa hannu nan take, in dawo sati mai zuwa, kuma in taho da kuɗin kokon da ya biya min.