Ranar da na mayar da manoman jiha guda Zazzagawa

"Yaya, ko ka san duk wanda na nema a kwamfuta yau ɗan Zariya ne?"

Da wannan tambaya ɗaya daga cikin 'yan matan da ke shigar mana da bayanai ta tare ni da safiyar Litinin, ko jakata ban ajiye ba. Na yi dariya, na ce ta sake dubawa, ƙila wani abu ta taɓa. Ta ce ai wani manomin citta na Kachiya take nema, wanda ta shigar da hannunta ranar Alhamis, babu shi babu alamarsa. Na zauna na ƙirga layukan da ke tebur ɗin manoma. Abin da ya fito bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da nake tsammani ba. Nan take cikina ya ɗuri ruwa.

Ƙungiyar manoma nake yi wa aiki a nan cikin garin Kaduna. An tattaro rajistar manoma daga ƙananan hukumomi 23 na jihar, kowacce da nata fayil na CSV, wato rubutu layi-layi da waƙafi ke raba gurabensa, ga kuma tarihin rabon taki na shekarun baya, duka layuka sama da miliyan 2. Aikina shi ne in zuba su cikin rumbun bayananmu na PostgreSQL kafin damina ta kankama, don da shi za a yi rabon bana. Pentaho Data Integration nake amfani da shi, manhajar kwashe bayanai daga fayil zuwa rumbu, wanda tsofaffin hannu ke kira Kettle har yau, sunan da Matt Casters ya raɗa masa tun kafin ya koma hannun Pentaho. Ga alama mutumin yana son madafa, don sassan manhajar ma sunan kayan girki ya ba su: Spoon inda ake zana aiki, Pan da Kitchen inda ake kunna shi.

Da Table output na fara, matakin da aka saba zuba layuka a tebur da shi, kamar kowa. Yana aiki, amma a kan tsohuwar sabarmu, da fihirisa biyar masu saurin nemo bayani a jikin tebur, da tabbatar da shigarwa bayan kowane layi 1000, gwajin farko ya ci kusan awa biyu, janareta na ta shan mai. Sai na koma PostgreSQL Bulk Loader. Shi ba ya bin layuka ɗaya bayan ɗaya da INSERT, umarnin COPY yake amfani da shi, ya kwarara bayanan gaba ɗaya kamar an buɗe famfo. Fayil ɗin Igabi na fara gwadawa. Kafin in kai kofin shayi baki ya gama. Wallahi daɗin da na ji a lokacin shi ya rufe min ido.

COPY yana da hali ɗaya: layi guda in ya ɓaci, fayil ɗin duka ya faɗi. Sai a PostgreSQL 17, da ya fito a 2024, aka kawo ON_ERROR da ke ba ka damar tsallake layin da bayaninsa bai dace da gurbinsa ba, mu kuwa muna kan 14. To fayilolin da aka cike a ƙauyuka ba sa rasa ɓaraka. Wani ya rubuta adireshi "Layin masallaci, bayan kasuwa" babu alamar zance, waƙafin ya raba gurbi ɗaya gida biyu. Wani ya adana fayil ba a tsarin UTF-8 ba, duk ɗ da ƙ da ɓ sun koma alamar tambaya, Ɗanladi ya zama ?anladi. Lambar asusun banki mai lamba 10 ta dawo 9 ko 8 saboda sifirin farko ya zube. Waɗannan duk na gyara su, ba su ne labarin ba. Amma saboda su na riƙa maimaita gwaji sau goma sha a rana, kuma don kada layuka su ninku a tebur ɗin gwaji, sai na je gurbin Load action, inda zaɓi biyu ne kawai, Insert ko Truncate, na zaɓi Truncate. Ma'ana, kafin ya loda, ya share tebur ɗin tas.

A gwaji wannan daidai ne. Fayil ɗaya nake lodawa, a tebur ɗin da babu abin kowa a ciki.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na haɗa kashi na ƙarshe: Get File Names ya tattaro sunayen fayiloli 23, sannan na yi wa Execute for every input row alama, don a kunna aikin lodi sau ɗaya ga kowane fayil. Na buɗe fayil ɗin saiti, kettle.properties, na juya adireshi daga rumbun gwaji zuwa na gaske. Gurbin Load action ban ko leƙa shi ba. Ya loda Birnin Gwari, ya share, ya loda Chikun, ya share, ya loda Giwa, haka har ƙasa. Zangon Kataf ya shiga ya fita. Zariya ce ta ƙarshe a jerin haruffa, ita kaɗai ta kwana a tebur.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya har yau shi ne na duba aikin, ba wai ban duba ba. Alama kore 23, kuskure sifiri. Har kalkuleta na ɗauko na tara adadin layukan da rahoton aiki ya ce an rubuta a kowane zagaye, jimilla ta yi daidai da ta fayiloli, na ce alhamdulillahi. Rahoton bai yi ƙarya ba, an rubuta su ɗin. Bai dai faɗi cewa an goge su bayan daƙiƙa kaɗan ba. Tebur ɗin kansa, wanda tambaya ɗaya ta count, wato ƙirga layuka, za ta tona asirinsa, shi ne ban tambaya ba.

Akwai wanda ya fi wannan ciwo. PostgreSQL ba ya yarda a yi TRUNCATE a tebur ɗin da wani tebur ya ƙullu da shi ta foreign key, sai in an haɗa su duka a umarni ɗaya ko an sa CASCADE, wanda ke share har wanda ya ƙullu da shi ɗin. Tebur ɗin rabon taki yana ƙulle da na manoma. Wato da na bar komai yadda yake, da tun a fayil na farko aikin zai tsaya da jan rubutu, in gane kuskurena, babu asarar ko layi ɗaya. Amma ni da hannuna na kwance ƙullin da safiyar ranar, tare da fihirisa, don lodi ya yi sauri, kamar yadda takardun PostgreSQL ɗin kansu suka ba da shawara ga mai zuba bayanai masu yawa. Shawarar ba ta da laifi. Garin gyaran gira ne na tsokane ido. Kuma da na mayar da ƙullin a yammacin nan, da ya ƙi ƙulluwa, tunda ga rabon taki na manoman da babu su a tebur. Amma an kusa kiran magariba, mai ya kusa ƙarewa, na ce sai Litinin.

Fayiloli 22 da suka goge ba matsala ba ne, cikin minti goma na mayar da su. Matsalar ita ce tebur ɗin ba fanko yake ba tun farko. Makonni ke nan 'yan mata uku suna shigar da sababbin manoma kai tsaye daga fom na takarda, kuma waɗannan ba sa cikin kowane fayil. Na garzaya tebur ɗin da ke ajiye tarihin duk abin da aka goge, wayam. TRUNCATE ba ya tayar da tarkon da aka ɗana wa DELETE, wato umarnin gogewa na yau da kullum, don ya rubuta abin da aka goge, nasa tarkon daban ne, ni kuwa ban ɗana ba. Kuma ba ya barin gawar layuka a faifai yadda DELETE ke yi, take yake mayar da fili. Na koma kan kwafin ajiya. Na saita pg_dump, mai ɗaukar kwafin rumbu, ya riƙa aiki ƙarfe biyun dare kullum, ashe tun da batiran inbata suka yi sanyi, in an ɗauke wuta da dare sabar mutuwa take yi kafin lokacin. Kwafi na ƙarshe ya kwana 9 kafin ranar ɓarnar. Ban taɓa buɗe jakar in ga kwanan watan da ke jikinsu ba.

Na shiga ofishin shugabanmu na ce, "Ranka ya daɗe, na yi ɓarna, kuma ni kaɗai na yi ta." Ya saurare ni har na gama, bai ɗaga murya ba, wanda da ya ɗaga ma da ya fi min sauƙi. Ya ce, "Malam, takardun suna nan?" Allah ya saka wa Hajiyar da ke kula da sito da alheri, duk fom ɗin suna cikin buhunan bakko, an ɗaure na kowace rana daban. Sama da 2,000 muka ware. Sa'a ɗaya da na ci, lambar kowane manomi an rubuta ta da biro a saman fom ɗinsa, kuma TRUNCATE ba ya mayar da ma'aunin lamba baya sai an ce masa RESTART IDENTITY, don haka lambobin da ke jikin katunan da aka riga aka raba ba su yi karo da na kowa ba. Kwana shida muka yi muna sake bugawa, har da ni, har da Asabar. Kuɗin abincin rana da na Keke daga aljihuna suka fita, babu wanda ya ce in biya, kunya ce ta sa.

Yanzu Bulk Loader ɗina ba ya kusantar tebur na gaske. Tebur na wucin gadi yake zubawa, can ya share abin da ya ga dama. Daga nan sai in kwashe da INSERT da SELECT a cikin ma'amala guda, in ƙirga kafin da bayan, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, in lissafi bai yi ba in janye da ROLLBACK. Asusun da Pentaho ke shiga rumbu da shi na ƙwace masa izinin TRUNCATE a kan teburan gaske, don a PostgreSQL izini ne mai zaman kansa, daban da na INSERT da DELETE, abin da na sani tun tuni amma ganda ta sa nake shiga da asusun mai gida. In aiki na buƙatar a share tebur, na fitar da sharewar waje, mataki ɗaya a farkon aiki inda ido zai gan shi, ba a cikin abin da ke zagayawa ba. Shi kuwa pg_dump na dawo da shi ƙarfe ɗaya na rana, lokacin da janareta ke kunne, kuma da hannuna nake ƙara yin wani kafin kowane lodi.

Fom 14 ba mu same su ba har yau, duka na wajen Kauru, sai da wakilinmu na can ya hau babur ya bi mutanen gida gida. A ofis kuwa an daina kirana da sunana. Ko mai gadi in ya buɗe min ƙofa da safe, "Barka da zuwa, Bazazzagi" yake cewa.