Kafin ku ce kun ga Majorana, ku bi sawun zafin

Ƙannena masu shigowa wannan fanni, dalilin da ya sa ake neman sufakondukta mai tofoloji (nau'i na musamman na abin da lantarki ke bi ba tare da turjiya ba) ta hanyar awon zafi a fili yake: ƙwayoyin Majorana (wasu ƙwayoyi masu kama da rabin elektaron) da ake sa ran samu a gefensa ba su da cajin lantarki, amma suna ɗaukar zafi. Tun 2000 masana Read da Green suka nuna a lissafi cewa hanyar Majorana guda tana ɗaukar rabin zafin da hanyar elektaron ke ɗauka.

Wannan ne ya ja ni, kuma a nan na yi tuntuɓe. Na ɗumama gefe ɗaya na samfurina, na shimfiɗa siririn filatinam a ɗaya gefen domin ya mayar da kwararar sifin (ɗan maganaɗisun da ke jikin elektaron) zuwa ƙarfin lantarki, kamar yadda ake yi tun da aka gano tasirin Seebeck na sifin, wato yadda bambancin zafi ke haifar da kwararar sifin, a Japan a 2008. Alama ta bayyana, tana kuma juyawa duk lokacin da na juya maganaɗisu. Na shafe watanni ina ƙawata zane, har ranar da malamina ya tambaye ni ko na taɓa ɗumama samfurin ya wuce zafin sauyi, wato inda yake daina zama sufakondukta. Ban taɓa ba. Da na gwada, alamar tana nan daram. Ashe zafin yana zurarewa ƙasa ta cikin farantin da samfurin ke kai, abin da nake aunawa kuwa tasirin Nernst ne na yau da kullum, wato ƙarfin lantarkin da kwararar zafi ke haifarwa a gaban maganaɗisu, wanda shi ma yake juyawa da maganaɗisu.

Manya ma sun sha irin wannan. Kusan shekara ashirin ana ɗaukar sinadarin Sr2RuO4, wanda ke zama sufakondukta a kusan kelbin 1.5 (dab da sanyi mafi tsanani), a matsayin gwarzon fannin, sai a 2019 aka gano cewa bugun igiyar rediyo na awon 1998 da aka dogara da shi yana ɗumama samfurin, har ya ɓata sakamakon.

Saboda haka ku fara da ƙoƙarin kashe alamarku da hannunku. Ku auna sama da zafin sauyi, ku maye gurbin filatinam da tagulla, wadda da ƙyar take mayar da sifin zuwa lantarki, sannan ku lissafa kason zafin da fonon, wato girgizar atam, ke ɗauka, domin sau da yawa ita ce ke kwashe mafi yawansa. Awon da ya rushe aikina bai ci mini fiye da yini ɗaya ba.