Gyambon ƙafar Baba da magungunan shafawa da muka bi ta kansu

Baba ya daɗe da ciwon suga, kuma tun kafin gyambon ya fito tafin ƙafarsa ya riga ya daina jin taɓi. Shi ya sa da hunturu ya shigo kaushi ya tsage masa ƙarƙashin babban yatsa, bai san an yi ba. A jikin safarsa na fara ganin alama, wani ruwa-ruwa mai haɗe da jini. Ni ce ke aure kusa da gida, nan Ƙofar Ƙaura, don haka wankin ciwon ya faɗo kaina.

Kafin mu kai ga asibiti masu shawara sun cika zaure. Wani ya ce a fasa kafso a barbaɗa garin, wata ta ce toka, akwai ma wanda ya ambaci baƙin mai. Kawu ya sayo wani man shafawa a kemis ya ce kwana uku kawai. Kowa da kyakkyawar niyya ya zo, amma babu wanda ya tambayi nawa sugan Baba yake.

Likitan da ya duba shi bai fara da maganar abin shafawa ba. Ya lalubi bugun jini a bayan ƙafa da gefen idon sawu, ya sa wani siririn ƙarfe cikin ramin don ya ji ko ya kai ƙashi, ya tura mu hoto. Sannan ya ɗauki reza ta tiyata ya shiga feraye kaurin fatar da ta kewaye ciwon, fara-fara mai tauri, har sai da jan jini ya tsattsafo. Ni na kau da kai, Baba kuwa yana kallo yana jan carbi, don ba ya jin komai. Likita ya ce mataccen nama ba ya karɓar magani, duk abin da aka shafa a kansa asara ce. Gwajin HbA1c, mai nuna yadda suga ya kasance cikin kusan wata uku, ya haura 10, alhali ana son ya sauko kusa da 7.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta koya mini wankin. Ruwan gishiri na asibiti, mai kashi 0.9 cikin ɗari, irin wanda ake ƙarin ruwa da shi, shi ne abin wanki. Ta hana ni sifirit da ruwan nan mai kumfa, haidurojin, ta ce suna kashe ƙwayar cuta amma suna haɗawa da sabon naman da ke tsirowa. Aidin mai ruwan ƙasa mun yi amfani da shi ne a farko kawai, lokacin da ciwon ke da datti, da ya yi ja ya yi tsabta aka ce mu ajiye. Da wari ya tashi an ba mu metronidazole na shafawa, wato Flagyl, warin ya kwanta, sai dai bai rage faɗin ciwon ba, kuma dama ba aikinsa ba ne. Man da Kawu ya kawo, Dermazin, ashe na ƙuna ne tun asali, kuma yana barin wani farin dafi a kan ciwo da ke hana a ga abin da ke ƙasa. Ƙwayar cutar da ta shiga ciki kuwa, da ƙwayoyin sha aka yaƙe ta.

Zuma ita ce muka fi daɗewa da ita, kuma ita ce aka fi gardama a kai. Ba sabon abu ba ne a asibitocin ƙasar nan: tun 1988 wani likitan tiyata a Kalaba, Spencer Efem, ya wallafa abin da ya gani a kan marasa lafiya 59 da ya wanke wa ciwo da zuma. A ɗaya ɓangaren, ƙungiyar masana ta duniya kan ƙafar masu ciwon suga, IWGDF, a ƙa'idojinta na 2023 ba ta yarda a dogara da zuma don warkar da irin wannan gyambo ba, saboda hujjar ba ta yi ƙarfi ba. Abin da na gani da idona shi ne tana riƙe ciwon da danshi, gozi, wato ƙyallen da ake ɗorawa a kan ciwo, ba ya mannewa ya fizge sabon nama idan an zo cirewa, kuma aljihunmu ya iya ɗaukarta. Ba zan ce ita ta warkar da shi ba. Damuwata da ita ɗaya ce, zumar kasuwa da ake haɗawa da narkakken sukari. Wanda zai sa ta a buɗaɗɗen ciwo ya bari ma'aikacin lafiya ya ce masa wacce, kuma yaushe.

Ƙanena da ke karatu a waje ya yi ta turo sunayen magunguna masu tsada. Akwai becaplermin, da ake sayarwa da sunan Regranex, wanda Amurka ta amince da shi a 1997, kuma sai a firij yake zama, ga halin wutarmu. Akwai bandeji mai sinadarin sucrose octasulfate, wanda a gwajin da aka yi a Turai aka wallafa a 2018 ya rufe ciwon kashi 48 cikin ɗari na masu amfani da shi cikin mako 20, a kan kashi 30 na waɗanda aka sa wa bandeji maras sinadarin. Ba mu same su ba, amma lissafin ya kwantar mini da hankali: ko mai tsadar bai kai ga rabin mutane ba, kuma duk waɗanda ke cikin gwajin sai da aka ɗauke musu nauyi daga kan ciwon.

A nan ne namu aikin ya tsaya cak. Nakan ɗora tsabtatacciyar leda a kan ciwon in zana gefensa da biro, don likita ya ce idan faɗin bai ragu da rabi cikin mako huɗu ba, akwai abin da ke hana shi. Zanen ya ƙi motsi. Dalili kuwa Baba bai fasa takawa masallaci sau biyar ba, kuma a sujada daidai wurin yake dannewa. Na durƙusa na ce, "Baba, don Allah ka yi haƙuri ka riƙa salla a zaune har ƙafar nan ta rufe." Ya ce, "Uwata, shekara nawa ban rasa jam'i ba." Sai da limamin unguwa ya zo da kansa ya yi masa bayanin shafa a kan bandeji wajen alwala da halaccin salla a zaune ga mai lalura, sannan ya sauko. Aka yanka masa soso mai kauri da rami daidai ciwon aka sa cikin takalmi, aka ba shi sanda, aka koma allurar insulin, aka raba shi da furar da ake zuba wa sukari. Daga nan zanen leda ya fara tsukewa, da zumar nan dai da ruwan gishirin nan.

An ja mini kunne kan abin da ba a kwana da shi a gida: jan da ke yaɗuwa sama, kumburi, zazzaɓi, mugunya mai yawa, ko yatsa ya fara baƙi. Ciwon ya rufe kafin damina, amma fatar wurin siririya ce, kuma irin wannan gyambo yakan dawo. Yanzu kullum da dare ana shafa masa basilin a dunduniya banda tsakanin yatsu, ana zazzage takalmi kafin ya sa, an ɗauke kaskon wuta daga kusa da ƙafarsa, kuma idan kaurin fatar nan ya sake taruwa asibiti ake kai shi a feraye, ba a sa masa reza a gida.