Jarrabawar JAMB da yaron da bai taɓa kama kwamfuta ba

Tun 2015 hukumar JAMB, mai shirya jarrabawar shiga manyan makarantu a Najeriya, ta bar takarda da fensir, komai ya koma kan kwamfuta. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu: 60 na Turanci, 40-40 a sauran darussa uku. Idan aka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 ke gare ta kacal.

To, a nan gizo ke saƙar. Ɗan makarantar kuɗi a Kaduna ko Abuja ya saba da na'urar tun yana firamare. Ɗan makarantar gwamnati a ƙauye kuwa, da alli aka zana masa kwamfuta a allo. Ɗakin kwamfutar ma, idan akwai shi, a kulle yake, babu wuta babu man janareta. Ranar jarrabawa sai ya ɓata minti goma yana kokawa da linzamin kwamfuta, wato mouse. Minti goma kuwa tambayoyi 15 ne suka salwanta, ko da ya san amsarsu.

Abin takaici, ba dole sai da linzamin ba. Harafin A, B, C ko D ke zaɓen amsa, N ya kai ka gaba, P ya dawo da kai baya. S na miƙa aiki ne, kada yatsa ya je wurin kafin a gama. Malami zai iya zana maɓallan a kwali ya horar da ɗalibai, sannan a kai su shagon intanet su taɓa ta gaske. Jarrabawar gwaji da JAMB ke shiryawa ma tana taimakawa, sai dai kuɗinta daban ne, kuma tun lokacin rajista ake nuna ana so.