Godiya ga asibitin ƙauyenmu da masu riƙe da shi

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida da na ƙetare.

Alhamdu lillahi, an sallami Inna daga asibiti bayan kwalarar da ta kwantar da ita. A madadin gidanmu nake miƙa godiya, bayan Allah, ga ma'aikatan asibitin ƙauyenmu da ke kudu da Sinnar a ƙasar Sudan.

Yaran yanzu sun tashi sun tarar da gini ne kawai. Iyayenmu kuwa suna ba da labarin yadda ya faro da ɗaki guda na wankin miki, ya zama shafakhana, wato ƙaramin asibiti, mai hakim (ma'aikacin lafiya) ɗaya, sannan mutanen gari suka yi nafir, wato gayya, suka buga bulo da hannunsu aka ƙara ɗakin haihuwa. Jikokin waɗanda suka yo hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna tare da Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, a bakin Nilu, ba baƙi ba ne wajen gina abu daga fili. Manufarsu ɗaya ce: kada mai naƙuda ta ƙara rasuwa a kan karo, wato keken jaki, saboda taɓon damina ya tare hanyar birni.

Wannan manufa ce aka jarraba tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Birnin Madani ya faɗa hannun dakarun RSF a Disamba, birnin Sinja ya bi a tsakiyar 2024, 'yan gudun hijira suka cika makarantu, ga kwalara. Albashi ya tsaya, wuta ta ɗauke, amma ƙofar asibitin nan ba ta rufu ba.

Hakim, Allah ya saka maka da Aljanna. Da fitilar waya ka nemo jijiyar Inna, jikinta duk ya bushe, ka sa mata ƙarin ruwa. Daya, ke da aikinki karɓar haihuwa ne, kin kwana kina juya ta kamar mahaifiyarki. Mai shara da ke wanke ɗakin da kolorin lokacin da kowa ke gudunsa, ni a wurina ladanka ba ya ƙasa da na kowa.

Mun gode wa matan takiyya, wato wurin dafa abincin sadaka, da ke kawo kunu, da samarin da suka yi ta jigilar ruwa, da 'yan uwanmu na Jidda da Makka da suka turo kuɗin magani ta manhajar banki ta Bankak.

Har yanzu firjin allurar rigakafi ba shi da wutar sola. Ranar Juma'a bayan salla kwamitin asibiti zai zauna a kan haka, mai hali ya zo da abin da ya sawwaƙa.