Madafi a ranar hunturu: ƙullu, kauɗa da miyar kuka

Asabar, tsakiyar Janairu.

Sanyin asubar yau har cikin ƙashi. Ina idar da salla na nufi madafi, na yaye bargon da na lulluɓe bokitin ƙullun waina da shi. Alhamdu lillahi, ya taso, samansa duk ƙananan ido, ga ɗan ƙamshin tsami mai daɗi. Ƙullun da zai tashi cikin awa 3 ko 4 a zafin Afrilu, a wannan sanyi sai ya kwana yana kallon mutum idan ba a nema masa ɗumi ba. Yawancin masu kukan wainarsu ta ƙi a hunturu suna ɗora wa yis laifi, alhali sanyi ne ya kama shi.

Bari in rubuta awon tun ban manta ba. Shinkafar tuwo gwangwanin madara 4, na jiƙa ta jiya tun hantsi har la'asar, wajen awa 6. Na ɗebi wani rabin gwangwani daban na dafa shi luguf, ya huce, na zuba a kan jiƙaƙƙiyar tare da albasa 1 kafin a kai inji. Wannan dafaffiyar ita ce ke sa cikin waina laushi. Idan babu ita, waje zai soyu amma ciki ya yi tauri da zarar ta huce. Wanda aka aika markaɗe a ba shi ruwan gida a jarka, a kuma ja masa kunne: mai inji ya wanke injin tukuna, kada kuma ya cika ruwa. Ƙullu mai kauri ana iya sassauta shi, wanda ya tsinke kuwa gyaransa wuya gare shi.

Yis ƙaramin cokali 1, sukari babban cokali 2. Na kwaɓa su a ruwan ɗumi, irin ɗumin da ake wa jariri wanka da shi, na jira minti 10. In ya yi kumfa yana da rai, in ya kwanta shiru a sake wani tun kafin a yi asarar shinkafa. Ruwa mai zafi sosai kashe shi yake yi. Gishiri ba ya shiga da dare, domin yana rage ƙarfin tashi, sai da safe. Bokitin kuma kada ƙullu ya wuce rabinsa. Na rufe, na naɗe da tsohon bargo, na aje gefen murhu bayan wuta ta mutu, ƙasa na da sauran ɗumi. Wanda ke da babbar kula ya saka bokitin a ciki tare da gorar ruwan zafi guda, aiki ɗaya suke yi.

Da safe sai gyara. Kanwa kamar girman ƙwallon dabino na jiƙa a rabin kofin ruwa, ta kwanta, na tsiyaye na saman. Cokali ɗaya-ɗaya ake zubawa ana juyawa ana ɗanɗanawa, har tsamin ya sauka. Nan ne hannu ke zarcewa: kanwa in ta yi yawa waina ta yi jaja-jaja, ta yi bauri, ta riƙa warin sabulu. Bayan nan gishiri, da ɗan ruwan ɗumi har ƙullun ya zama kamar kunu mai kauri, yana zuba daga ludayi ba tare da ya tsinke ba.

Ni dai tandar ƙasa na fi so, ko da ta fi jinkirin ɗaukar zafi, don in ta ɗauka ba ta saki. A bar ta ta yi zafi sosai kafin mai ya shiga, rabin ƙaramin cokali a kowane gurbi, ƙullu kuma kada ya cika gurbin, a bar masa wurin kumbura. Ba a juyawa sai gefen ya bushe ya fara ja, tsakiya na ɗan rawa. Waina ta manne, tanda ba ta yi zafi ba ko an yi gaggawar juyi. Waje ya ƙone ciki ɗanye, wuta ta yi yawa. Ta sha mai ta kwanta, ƙullu ya yi ruwa ko ya wuce tashi. A kan gawayi gurbin tsakiya ya fi na gefe zafi, shi ake fara juyawa. Zubin farko kusan kullum na gwaji ne, ba a yanke wa ƙullu hukunci da shi.

Man gyaɗa ma ya yi barci a kwalba, manja kuwa ya daskare gaba ɗaya. Tsoma kwalbar a roba mai ruwan zafi ya isa. Kada a kusantar da jarkar roba ga wuta.

Da hantsi aka shigo da kwandon tumatir daga kasuwar 'Yankaba. Yanzu ne lokacinsa, na noman rani daga wajejen Kadawa da Kura ya cika garin Kano, wanda kuma ya ga yadda yake tsada da damina ya san ba a wasa da wannan arha. Goggo ta zauna muka kasa shi uku: masu tauri, nunannu, da waɗanda suka fashe. Masu tauri suka tafi kwando a inuwa, a shimfiɗe, ba a tara su kan juna ba, kuma ba a wanke ba sai ranar amfani. Waɗanda suka fashe, bayan an zubar da masu wari ko fumfuna, aka markaɗa su da tattasai da attaruhu, babu albasa, saboda ita ce ke fara lalacewa a markaɗen ajiya. Na ɗora a faffaɗar tukunya a buɗe, ya yi ta tafasa har ruwan ya ƙone ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku, sannan na soya da mai har man ya taso sama. Wanda ya yi haƙuri ya ƙone wannan ruwan ba ya bukatar kanwa a miya.

Nunannun kuwa kauɗa aka yi da su. Kowanne a yanka shi gida 3 ko 4, kauri ɗaya, don su bushe tare. A shanya a kan tabarma mai tsabta bisa benci ko rufin ɗaki, fuskar yankan tana kallon sama. Iskar hunturu ta fi komai busarwa, amma ita ce kuma mai ƙura, shi ya sa na yafa musu tsohon gidan sauro wankakke. Ana juyawa sau ɗaya a rana, a shigar da su da magariba. Cikin kwana 5 zuwa mako guda sun bushe. Wanda ya rage da danshi ko kaɗan shi zai jawo wa sauran fumfuna a cikin buhu. Ranar amfani a jiƙa a ruwan zafi na rabin awa, a tsame da hannu daga sama, a bar yashi a ƙasan roba, a sake har sau 3.

Abincin rana garau-garau ne, bai ɗauki lokaci ba. Wake ya riga shinkafa shiga da kamar rabin awa, da ɗigon ruwan kanwa. Ƙasan tukunya ya ɗan kama, sai na juye na saman a wata tukunya ba tare da na kankare ba, ƙaurin bai bi shi ba.

Bayan la'asar na ɗora tuwon masara. Talge da ruwan sanyi ake dama shi kafin ya shiga tafasasshen ruwa, a bar shi ya dahu minti 15. Tuwon da ke tsinkewa ko ya yi warin ɗanyen gari, talgensa ne bai nuna ba. Daga nan tankaɗaɗɗen gari kaɗan-kaɗan, muciya na aiki, sannan a yayyafa ruwa a rufe ya sulala minti 10 a ƙaramar wuta.

Miyar kuka ita ce ake rainawa, ita ce kuma ke tona asirin mai girki. Kuka mai kyau kore ce shar, wadda aka shanya a inuwa. In ta yi ja-ja, rana ta ci ta ko ta tsufa. A tankaɗe ta ko da an saye ta a tankaɗe. Daddawa 2 na daka da albasa, barkono, citta da masoro, da ɗan surfaffen wake, na zuba a ruwan ƙashi. Sai sun yi aƙalla minti 20 suna tafasa, har warin daddawa ya koma ƙamshi, waken ya narke. Sannan a rage wuta sosai. Hannun hagu na barbaɗa kuka, na dama na kaɗa maburgi, ba tsayawa. Babban cokali 3 ya ishi ruwa lita 1. A tsaya tun tana da ɗan ruwa-ruwa, domin tana ƙara kauri da kanta. Gudaji daga zuba ta a dunƙule yake, ko kaɗawa a ruwan da ke tafasa da ƙarfi. Ba na rufe tukunya bayan kaɗi, minti 5 na sauke. Man shanun da aka soya da albasa a kwano ake zuba shi, ba a tukunya ba.

Goggo ta ce a shigar mata da kaskon garwashi ɗaki saboda sanyi. Na ce, "Goggo, ki yi haƙuri, gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci." Na cika mata gora da ruwan zafi, na naɗe da zane na sa mata a ƙafa.

Malmala 4 ta rage, na bar su a buɗe suka huce kafin na rufe, don ɗumamen safe. An shigo da kauɗa, na yayyafa wa garwashi ruwa.